Layin da Ya Shafe Alamar Ruwa da Fenti

Akwai wata tela da ake kira Maman 'Yan Biyu, tana zaune da mijinta a wani layi da ke can gangaren gari. Jama'ar wannan shafi, ku gyara zama, don tun da na ji labarin nan raina bai daina ɓaci ba.

Gida talatin da biyu ne a layin, kuma duk ruwan da aka yi a unguwannin tudu, nan yake gangarowa ya yada zango. In hadari ya haɗu, a wasu wurare shanya mata suke kwashewa. A layinsu kuwa katifu ake ɗagawa, a ɗora buhunan abinci a kan tebur, a tsince takalman yara tun kafin su yi iyo su bar gida.

Mijinta tsohon direban babbar mota ne, ƙaton mutum, wanda a da shi kaɗai yake tayar da tayar tirela tsaye. Shekara huɗu ke nan da ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kwantar da shi. Ba ya tafiya, maganarsa ma sai wanda ya saba da shi yake ganewa. 'Yan biyun sun girma sun watse. Macen tana aure a wani gari, namijin yana can nesa yana neman na kansa.

Saboda ruwan nan ta ɗora gadon mijin a kan bulo. Shekarar farko bulo ɗaya a kowace ƙafa. Shekara ta biyu ta ƙara, ta uku ta sake ƙarawa, har ta kai in za ta ba shi abinci sai ta taka kujera. A bangon ɗakin kuwa ga zane uku da ruwa ya bari, kowanne ya ɗara na ƙasansa. Da tef ɗinta na awon kaya ta auna na ƙarshen, ta samu inci ashirin da biyu.

Tsoronta ɗaya ne a duniya: ranar da ruwa zai hau katifar nan, ita kuma ba ta da ƙarfin ɗaga shi.

Ana tsakiyar rani sai ga mota mai lasifika tana zagaya unguwa. Ofishin tsara birni zai turo ma'aikata su duba wuraren da ambaliya take ci. Za a zaɓi unguwa uku a yi musu babbar magudanar ruwa kafin damina. Ma'aikatan za su duba alamar ruwa a jikin bango, su kuma tambayi kowane mai gida.

Maman 'Yan Biyu ta bar keken ɗinki ta shiga ɗaki da sauri.

"Baban 'Yan Biyu, ka ji? An tuna da mu! Wa ya kai mu alamar ruwa a garin nan?"

Ya ɗaga hannunsa mai lafiya, ya yi murmushin da ɓari ɗaya na bakinsa ya iya.

Murnar ba ta kai mako ba.

A layin akwai wani da ake kira Alhaji Mai Gidaje. Gida tara nasa ne, duk ya zuba 'yan haya, shi kuma yana zaune a bene ɗaya tilo da ke layin. Mutum ne da bai taɓa cewa "ban sani ba" a rayuwarsa ba. Ko maganar tiyatar ido ake yi, sai ya ce ya taɓa gani an yi a gabansa. Shi ya tara mutane a ƙofar gidansa da yamma.

"Ku buɗe kunnenku," in ji shi. "Ni na san hukuma. Duk gidan da suka ga alamar ruwa, jan fenti za su shafa masa. Kun san ma'anar jan fenti? Rusau! Yau su zo da tef, gobe su zo da katafila. Magudanar me? Filin suke so."

Wurin ya kaure da salati.

"To Alhaji, mene ne abin yi?" in ji Makaniki, maƙwabcin Maman 'Yan Biyu.

"Fenti. Ni zan sayo, kowa ya zo ya ɗiba. Mu shafe bangon nan tas. In sun tambaya, ruwa ba ya shiga gidan kowa. Magana ta ƙare."

Maman 'Yan Biyu tana tsaye daga gefen mata, ta kasa haƙuri.

"Alhaji, a yi min afuwa. Ni dai na ji sanarwar da kunnena, ba a ambaci rusau ba. In muka ce ruwa ba ya shiga, wa za a yi wa magudanar?"

Alhaji ya dube ta sama da ƙasa, ya yi dariya.

"Maman 'Yan Biyu, ke da aka sani da awon kafaɗa da ƙugu, yaushe kika fara awon gari? Ki bar wa maza wannan."

Aka kwashe da dariya. Har da waɗanda bara ta taya su kwalfe ruwa daga ɗaki da bokiti. Ta juya ta koma gida, zuciyarta tana tafasa.

Cikin kwana huɗu layin ya koma kamar amarya. Fari da shuɗi ko'ina, warin fenti har cikin abinci. Mutanen da suka shekara goma ba su toshe ramin ɓera ba, sai ga su a kan tsani da burushi. Bangon Maman 'Yan Biyu kaɗai ya rage da dattinsa, da zanen ruwan nan ɓaro-ɓaro.

Matar Makaniki, wadda ita ce aminiyarta a layin, ta shigo ta zauna kusa da keken ɗinki.

"Yaya, don Allah ki rufa mana asiri. Ana ta zaginki a layi. Cewa ake ke za ki jawo mana katafila."

"Ke ma kin yarda da wannan maganar?"

"Ni ban sani ba. Amma mu haya muke a gidan Alhaji. In ya ce mu tashi, ina za mu da yara biyar?"

"Bara da kika ɗaura autarki a baya kika hau tebur, Alhaji ne ya sauko daga bene ya ɗauke ku?"

Matar Makaniki ta sunkuyar da kai tana wasa da gefen zani. Can ta tashi ta fita.

Ranar Talata Maman 'Yan Biyu ta kai mijinta asibiti gashin ƙashi, kamar yadda ta saba duk wata. Da suka dawo da la'asar, sai ta wuce ƙofar gidanta ba ta gane ba. An shafe bangon waje da shuɗin fenti, ko bushewa bai gama yi ba. Ta tsaya a tsakiyar layi tana tambayar wanda ya yi. Kowa ya zama kurma. Mai shagon layin ya kama goge kantar da ba ta da ƙura.

Ranar ko abinci ta kasa ci saboda baƙin ciki.

Da ranar dubawa ta zo, wata matashiyar injiniya ce ta sauko daga mota, da hular kwano da takalmin roba, da maza biyu masu riƙe da sandar awo da fom. Suka fara daga farkon layi.

Abin da ya faru ranar, in ba don takaici ba, da dariya zai ba ku.

Kowane gida a layin yana da dakalin siminti a bakin ƙofa, mai kai wa gwiwa, wanda aka gina don tare ruwa. Sai ka ɗaga ƙafa kamar mai hawa doki kafin ka shiga. Injiniya ta tsaya gaban na Makaniki.

"Baba, wannan fa na mene ne?"

"Wannan? Na shan iska ne, ranki ya daɗe. Muna zama a kai da yamma."

"A tsakiyar ƙofa?"

"Ai nan iskar ta fi kaɗawa."

"Ruwa yana shigo muku da damina?"

"Ruwa? A nan? Ko kusa!"

Ta dube shi, ta dubi sabon fentin, ta miƙa masa fom ya sa hannu. Haka aka yi ta yi gida bayan gida. Alhaji yana biye da su da babbar riga, yana bayanin yadda ƙasar layin take shanye ruwa kamar soso.

Da suka iso gida mai lamba goma sha huɗu, Maman 'Yan Biyu tana bakin ƙofa tana jira.

"'Yata, kar ki dubi bangon waje, ba ni na shafa ba. Shigo ciki."

Alhaji ya yi gyaran murya mai ƙarfi. Ta yi kamar ba ta ji ba.

Injiniya ta shiga ta gaishe da majinyacin, ta tsaya tana kallon gadon da ke kan bulo uku-uku. Ta sa aka auna zanen bangon, ta ɗauki hoto, ta yi rubutu mai tsawo.

"Mama, in ruwa ya shigo, wa yake fitar da shi?"

"Babu. Addu'a nake yi ya tsaya a ƙasan katifa."

Injiniya ta rage murya.

"Ba zan ɓoye miki ba. Ni ma ina da ido, na ga dakalin nan, na ga soket ɗin wutar kowane gida an mayar da shi daidai ƙirji. Amma fom nake kai wa, ba abin da zuciyata ta raya min ba. In gida talatin da ɗaya suka ce babu ruwa, gida ɗaya ya ce akwai, kwamiti zai ce gidanki ne aka gina a rami. Abin da zan iya, zan sa wa gidan nan jan ɗigo a taswira, in rubuta cewa akwai mara lafiyar da ba ya iya tashi."

Labarin jan ɗigon ya karaɗe layin kafin motar ta bar unguwa, ana cewa ga shi ta jawo alamar rusau. Daga ranar wasu suka daina amsa gaisuwarta. Mata uku suka aiko aka karɓe yadinsu ba a ɗinka ba.

Bayan mako uku aka fitar da sunayen unguwannin da za a yi wa aiki. Babu nasu. Katafila ma ba ta zo ba, don haka Alhaji ya dinga yawo yana baza riga.

"Ba na gaya muku ba? Da ba don ni ba, da yanzu a titi kuke kwana."

Maman 'Yan Biyu ta roƙi Matar Makaniki ta zauna mata da mara lafiya, ta hau mota ta tafi ofishin tsara birni.

Wanda bai taɓa neman abu a irin ofishin nan ba, ya gode wa Allah. Mai gadi ya ce ta je ɗaki na shida. Ɗaki na shida suka ce ai wannan maganar ta sama ce. A sama aka ce mai teburin ya fita cin abinci, ta zauna a benci awa biyu, sannan wani ya leƙo ya ce ai yau ba zai dawo ba. Washegari aka ce ta rubuto a takarda. Da ta rubuto, aka ce ba a irin wannan takardar ba. Kwana huɗu tana sintiri, ɗinki yana kwance, ƙafafunta sun kumbura.

A rana ta biyar ta yi kiciɓis da Injiniya a kan matakala. Ita ce ta ja ta zuwa wani ɗaki mai faffaɗan tebur, da taswirar gari a shimfiɗe.

"Mama, gara da kika zo. Dubi nan. Wannan ita ce unguwar tudu da ke samanku, an zaɓe ta. Wannan shuɗin layin shi ne sabuwar magudanar. Kin ga inda ya ƙare?"

Maman 'Yan Biyu ta bi layin da yatsa, kamar yadda take bin zanen alli a jikin yadi. Ya ƙare a tsohuwar kwatar da ke ƙarshen layinsu.

"Ban gane ba."

"Tunda takardunku sun nuna ruwa ba ya damunku, kwamiti ya ɗauka kwatarku tana da sauran wuri. Don haka duk ruwan unguwar tudu nan za a juyo da shi. Da can yana tsayawa a hanya, yana bazuwa a filaye. Yanzu a kan siminti zai taho, kai tsaye, da gudu."

Maman 'Yan Biyu ta dafa teburin.

"Innalillahi. 'Yata, kashe mu za ku yi?"

"Na yi magana a taro, wallahi na yi. Shugaban kwamiti ya ɗaga fom ɗinku ya ce, mutane sun sa hannu da kansu, ke kin fi su sanin gidajensu ne? Hanya ɗaya ta rage. Akwai mako biyu na ƙorafi. In fiye da rabin gidajen suka sa hannu cewa bayanin farko ba daidai ba ne, dole a sake lissafi. Gida goma sha bakwai nake buƙata."

Ta karɓi takardar ta ninke ta a cikin jaka kamar zinariya.

Ta fara bin gida-gida. Duk inda ta shiga, sai ta zana musu taswirar a ƙasa da tsinke. Amsoshin da ta samu kuwa, Allah ya kiyashe ku da jin irinsu.

Wani ya ce, "Yanzu mu koma mu ce wa hukuma ƙarya muka yi? Ai ɗaure mu za a yi."

Wata ta ce, "Maigidan ba ya nan." Alhali ga takalminsa a bakin ƙofa, ga tarinsa yana fitowa daga ɗaki.

Mai shago ya ce, "Ni fa na yarda da ke, Maman 'Yan Biyu. In kin samu goma sha shida, ki dawo in zama na sha bakwai." Mutum biyar ne suka gaya mata irin wannan maganar, kowa yana so ya zama na ƙarshe.

'Yan hayar Alhaji kuwa ko takardar ba sa yarda su taɓa. Don haka ta cire kunya ta hau benen da kanta.

"Alhaji, ba faɗa na zo yi ba. Gida tara gare ka. In ka ce su sa hannu, an gama. Ka dubi mutumin da ke kwance, tare kuka tare a layin nan."

"Wato in je in tsaya gaban yarinyar da na haifi kamarta, in ce ni maƙaryaci ne?"

"Ka ce kuskure aka yi."

"Ban yi kuskure ba. Kin ga katafila? To. Kuma in aka rubuta layin nan a matsayin wurin ambaliya, wa zai ƙara kama haya a gidajena? Sauka lafiya, ki gaida mai jiki."

Ranar da wa'adi ya cika, hannu shida ta samu, har da nata. Ta kai takardar a haka. Injiniya ta ƙirga, ta sake ƙirgawa kamar za su ƙaru, sannan ta ce, "Ki yi haƙuri, Mama." Maman 'Yan Biyu ta sauko daga matakalar tana kuka a bainar jama'a, ba ta damu da masu kallo ba. Ba ma'aikatan ne suka fi ƙona mata rai ba. Maƙwabtanta ne.

Aka yi magudanar unguwar tudu, fes da ita. Damina ta faɗi.

Ruwan farko da na biyu sun zo da sauƙi. Na uku ya sauko wata Laraba bayan azahar, kamar da bakin ƙwarya. Da can ruwa yakan ɗauki awa biyu kafin ya haura dakali. Ranar ko rabin awa bai yi ba. Tana cikin ɗora keken ɗinki a kan tebur ta ji sanyi a idon sawu. Kafin ta kwashe kayan mutane ya kai gwiwa. Ya wuce zanen bara, ya haɗiye bulo na uku, ya kama ƙafar gado.

Ta leƙa ta taga ta ƙwalla wa Makaniki kira. Ina! Layin ya zama kogi, kowa yana ta kansa, yara suna ihu a kan katanga. Ta hau gadon, ta tallafo kan mijinta ta jingina shi da ƙirjinta, ta lalubo lambar agajin gaggawa a wayarta.

"Ku taimaka! Ruwa zai cinye mu!"

Ta faɗi unguwa da layi. Ta ji ana danna na'ura.

"Hajiya, layinku ba ya cikin jerin wuraren haɗari. Motocinmu duk suna wuraren da aka yi wa alama. Ku hau wuri mai tudu, za a zo in an samu sarari."

"Wane tudu? Mijina ba ya tashi! Ruwa ya taɓa katifa!"

"Ki yi haƙuri, bayanin da ke gabana ya nuna..."

"Ɗan nan, ka duba gida mai lamba goma sha huɗu. Don girman Allah ka duba!"

Katifar ta fara jiƙewa, sanyin ya ratsa bayan mijin har ya fara karkarwa. Yana ƙoƙarin gaya mata ta sauka ta tsira da ranta. Ta gane sarai, ta yi kamar ba ta gane ba.

"Na gani," in ji muryar, yanzu da sauri. "Akwai jan ɗigo, akwai majinyacin da ba ya tafiya. Kar ki kashe wayar. Ga mota nan na juyo da ita."

Minti ashirin da biyar suka yi, amma a wurinta kamar shekara. Lokacin da ma'aikatan agaji huɗu suka kutso, ruwan ya kai wa mijin ƙirji, ita kuma hannayenta sun sandare. Gadon ɗaukar marasa lafiya ya ƙi juyawa a lungun ɗakin, sai suka ɓalle ƙyauren ƙofar gida suka kwantar da shi a kai, suka ɗaga shi sama da kawunansu.

Da suka fito suka ga halin da layin yake ciki, shugabansu ya kira ƙarin motoci biyu. Haka aka kwashe yara da tsofaffi, har da 'ya'yan Makaniki biyar. Alhaji yana saman bene, waya a kunne, yana daka wa wani tsawa: "Na ce maka ruwa yana shiga! Kullum yana shiga! Shekara goma yana shiga!" Katangar gidajensa uku ta zube a ranar. Allah ya taƙaita, ba a rasa rai ba.

Aka sauke su a wata makarantar firamare, kowane iyali da kusurwarsa a aji. Mijin Maman 'Yan Biyu ya yi kwana shida a asibiti saboda sanyin da ya shiga ƙirjinsa, sannan aka sallame shi.

Injiniya ta zo makarantar da sababbin fom. Wannan karon har turereniya ake yi wajen sa hannu. Mai shago ne na farko. Alhaji ya ture mutane ya matso gaba.

"Ranki ya daɗe, yanzu tunda kowa ya gani da idonsa, yaushe za a fara mana aikin?"

"Alhaji, aikin bana an gama rabawa, na baɗi ma an tsara. Za mu yi ƙoƙarin yashe kwatarku, mu rage ƙarfin ruwan. Amma babbar magudana sai zagaye na gaba."

"Yaushe ke nan?"

"Nan da damina uku."

Babu wanda ya iya ɗaga ido a ajin ya dubi kusurwar da Maman 'Yan Biyu take zaune.

Likita ya riga ya gaya mata cewa ƙirjin mijinta ba zai ɗauki wani jiƙon ba. Damina uku kuwa ba kwana uku ba ne. 'Yarta da surukinta suka zo da motar ɗaukar kaya, suka ce ba za su bar su a layin nan ba ko da kwana ɗaya. Ɗaki guda suka share musu a gidansu, a wani gari inda ba ta san kowa ba, ba ta da mai kawo ɗinki ko ɗaya.

Ranar tafiya maƙwabta suka fito taya lodi, kowa yana neman abin da zai ɗauka don kar a haɗa ido. Kayan ma ba su da yawa, ruwa ya rage musu aiki. Matar Makaniki ta rungume ta tana kuka.

"Yaya, ki yafe min. Na san gaskiya kika faɗa, tsoro ne ya hana ni."

Alhaji ya zo daga baya, babu babbar riga, ya tsaya nesa kaɗan.

"Maman 'Yan Biyu, a yafi juna."

Ta dube shi. Ta tara maganganu da yawa da ta yi niyyar gaya masa, amma gajiya ta fi ƙarfin fushin.

"Na yafe, Alhaji. Amma shekara ashirin da shida muna gidan nan. Ni ba tashi na nema ba, magudana na nema."

Aka kwantar da mijin a kujerar baya, kansa a cinyarta. Gidan nan da guminsa ya gina shi, ɗaki bayan ɗaki, shekarun da yake kwana a kan hanya. Da mota ta tashi, ya yi ta ƙoƙarin ɗaga kai ya hango ta taga, bai iya ba. Sai ya ja hannunta, ya haɗa kalmomin da ƙyar.

"Kin... kulle... gida?"

Ta so ta ce masa eh, ko ransa ya yi sanyi. Ta kasa.

"Babu ƙyauren, Baban 'Yan Biyu. A kansa aka fito da kai."

Ya rufe ido, hawaye ya gangaro ta gefen fuskarsa. A haka motar ta hau babban titi.

Darasi: Idan aka zo tambayar matsalarku don a gyara, ku faɗi gaskiya ko da kuna jin tsoro, domin da abin da kuka faɗa za a yi muku tsari. Jita-jitar mutum ɗaya mai son kansa da shirun mutum talatin sun isa su jefa unguwa guda cikin ruwa, kuma sau da yawa wanda bai ji ba bai gani ba shi yake fin kowa asara. Kar ku bar mai faɗin gaskiya shi kaɗai, kuna jiran ku zama na ƙarshen sa hannu. Ku tura wannan labari ga maƙwabtanku da shugabannin unguwarku tun damina ba ta faɗi ba.